Idan Wa'adin Manhajar Lissafi Ya Ƙare: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kamfani da Akantoci

Yawancin tambayoyin nan daga bakin mutum uku suke fitowa: mai kamfani da saƙo ya faɗo masa a allon kwamfuta cewa an kusa daina kula da manhajarsa, akantan da ya gaji wata tsohuwar kwamfuta wadda kowa a ofis ke tsoron taɓawa, da wanda dila ya kawo wa takardar farashi yana cewa dole ne a sabunta. Ranakun da ke ciki waɗanda kamfanonin suka sanar ne. Kamfani yakan ɗage rana, don haka ka leƙa shafinsa kafin ka fitar da kuɗi.

1. Me ake nufi idan aka ce wa'adin manhaja ya ƙare?

Kowace siga ta manhajar lissafi, a ce QuickBooks 2021 ko Dynamics NAV 2016, kamfanin da ya yi ta yana ɗaukar mata alkawarin wasu shekaru. A cikinsu zai gyara kurakuran da aka gano, ya yi facin kafofin da ɓarayin intanet ke iya bi, ya sauya lissafin haraji idan doka ta sauya, ya kuma saurare ka idan ka kira da matsala. Wannan shi ne wa'adin kulawa. Ranar da ya cika, kamfani ya zare hannunsa, daga nan kai da manhajarka.

Sai dai ba rana ɗaya ba ce. Akwai ranar da ake daina sayar wa sababbin masu saye, akwai ranar da ake daina gyara da sabunta haraji, akwai kuma ranar da facin tsaro ke tsayawa. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe yakan kai shekaru. Idan dila ya ce maka "an daina ta", ka tambaye shi wacce daga cikin ukun yake nufi. Misalin Dynamics GP a tambaya ta 7 ya nuna yadda suke rabuwa.

2. To ranar da wa'adin ya cika, manhajar za ta ƙi buɗewa ne?

Idan lasisin dindindin gare ka, galibi a'a. Da safe za ka kunna ta, ta buɗe, ka shigar da ciniki, ka buga rahoto kamar jiya. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar gargaɗin a matsayin dabarar cin kuɗi. Sukan kwatanta ta da tsohuwar Fijo 504: an daina ƙera ta, amma ga ta nan tana lodi.

Kwatancen yana da gaskiya har zuwa wani wuri. Bambancin shi ne ita mota titin da take bi bai sauya ba, ita kuwa manhaja titin ne ke sauyawa a ƙarƙashinta. Abin da ke fara mutuwa shi ne duk inda take haɗuwa da waje: jawo bayanan banki kai tsaye, jadawalin harajin albashi, karɓar kuɗi ta kati, tura takardar ciniki ta imel, da tantance lasisi ta intanet. Lokacin da Google ya rufe hanyar shiga Gmail da kalmar sirri kaɗai ga tsofaffin manhajoji, a ƙarshen watan Mayu 2022, tsofaffin sigogi da dama sun daina iya tura imel, alhali babu abin da ya lalace a cikinsu.

Idan kuwa ta haya ce, wato wadda ake biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara, lamarin daban ne. Ita biyan kuɗin ne ke riƙe da ƙofa. Ka daina biya, aiki ya tsaya.

3. Na sayi lasisin dindindin da kuɗina. Da wane dalili kamfani zai juya mini baya?

Abin da ka saya izinin amfani da sigar ne har abada, ba alkawarin kula da ita har abada ba. Haka yake rubuce a doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke danna "na yarda" ba tare da ya karanta ba. Kamfanoni suna da hujjarsu: riƙe injiniyoyi su ci gaba da gyaran sigogi goma a lokaci ɗaya tsada ne. Amma kada a yaudari kai, akwai kuma son kuɗin haya, wanda ke shigowa kowace shekara babu fashi.

Wani lokaci ma "dindindin" ɗin kan zo da sharaɗin da ba a lura da shi ba. A 2022, Sage ya sanar da masu amfani da wasu tsofaffin sigogin Sage 50 Accounts na Birtaniya, daga 26.2 zuwa ƙasa, cewa zai rufe tsofaffin hanyoyin sadarwa na TLS 1.0 da 1.1 a ƙarshen Satumba. Ta hanyoyin nan ne sigogin ke tantance lasisinsu, don haka masu lasisin dindindin suka ga suna fuskantar a rufe musu manhajar da suka riga suka biya. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Darasin da akanta zai ɗauka shi ne ya binciki ko manhajarsa tana buƙatar tuntuɓar kamfani ta intanet kafin ta buɗe.

4. Shekara nawa ake ba kowace siga?

Babu doka ɗaya, kowane kamfani da tsarinsa. Intuit, mai QuickBooks, ya saba ba kowace sigar kwamfutar tebur kimanin shekara uku. Microsoft yana da tsari biyu. A tsohon tsarinsa mai ƙayyadadden wa'adi, shekara biyar ta farko cikakkiyar kulawa ce, shekara biyar ta biyu kuma facin tsaro ne zalla, babu sabon abu. A sabon tsarinsa babu ranar ƙarewa a rubuce tun farko, amma da sharaɗin kana bin sabuntawa, kuma ya yi alkawarin sanarwar aƙalla wata 12 kafin ya janye.

Sabon tsarin yana da daɗin ji, amma nauyin ya dawo kanka. Business Central, manhajar lissafi ta Microsoft da ke kan wannan tsari, yana fitar da babbar siga sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma wanda ya girka ta a kwamfutocinsa wata 18 ake kula da kowace siga. Wato maimakon babbar ƙaura ɗaya duk shekara goma, sai ƙananan ƙaura da ba sa ƙarewa.

5. QuickBooks na kwamfutar tebur nake amfani da shi. Ina na tsaya?

Ranar da za ka riƙe ita ce 31 ga Mayu. Sigar 2020 wa'adinta ya ƙare a wannan rana a 2023, ta 2021 a 2024, ta 2022 a 2025, ta 2023 kuma a 2026. Bayan ranar, lissafin albashi na Intuit, haɗin banki, karɓar kuɗi ta kati, facin tsaro da taimakon kamfani duk suna tsayawa.

Akwai sauyi biyu da suka fi wannan girma. Daga sigar 2022, nau'o'in QuickBooks na Pro da Premier sun koma na haya. Sannan bayan 30 ga Satumba 2024, Intuit ya daina sayar da sababbin Pro Plus, Premier Plus da Mac Plus ga sababbin masu saye a Amurka. Tsofaffin masu biya suna iya ci gaba da sabuntawa, Enterprise kuma bai shiga cikin wannan ba. Inda kamfanin ya dosa a fili yake: yana son kowa ya koma QuickBooks Online.

Ga mu nan nahiyar, abin dubawa shi ne bugun wace ƙasa aka girka maka, domin da yawa ba su sani ba. Bugun Birtaniya na kwamfutar tebur an rufe shi gaba ɗaya a 2023, a shekarar kuma Intuit ya janye QuickBooks daga Indiya. Fayil ɗin bugun wata ƙasa ba ya buɗewa haka kawai a na wata, saboda haka wanda ke kan na Birtaniya ba zai sayi na Amurka ya ci gaba daga inda ya tsaya ba. Ƙaura ce sosai a gabansa, sai ya duba tambaya ta 14.

6. Mu Peachtree muke amfani da shi tun da daɗewa. Har yanzu akwai shi?

Sunan ya tafi, manhajar tana nan. Sage, kamfanin Birtaniya da ke Newcastle, ya sayi Peachtree a ƙarshen shekarun 1990, kuma tun 2012 sunansa ya koma Sage 50. Duk wanda allonsa ke nuna Peachtree har yau, sigarsa ta haura shekara goma, babu kuma wanda ke kula da ita. A lura, Sage 50 na Amurka, wanda shi ne magajin Peachtree, da Sage 50 na Birtaniya suna ne kawai ya haɗa su, manhajoji ne daban. Pastel kuma, wanda ya fito daga Afirka ta Kudu, shi ma na Sage ne, amma manhaja ce daban.

Masu Tally labarinsu ya ɗan fi sauƙi. Tally.ERP 9 ya fito a 2009, TallyPrime ya gaje shi a Nuwamba 2020. Lasisin yana ci gaba da aiki, amma sababbin sigogi da ayyukan da ke bin intanet suna rataye ne da biyan kuɗin shekara na TSS, wato kuɗin kulawar kamfanin Tally.

7. Manyan manhajoji fa, irin su Dynamics da SAP?

Dynamics GP, wanda Microsoft ya samu ta sayen kamfanin Great Plains a 2001, an riga an yanka masa wa'adi. An daina sayar da sabon lasisin dindindin daga 1 ga Afrilu 2025, sabon na haya daga 1 ga Afrilu 2026. Gyara, sabunta haraji da taimakon kamfani za su tsaya ranar 31 ga Disamba 2029, facin tsaro kuma ranar 30 ga Afrilu 2031. Wannan ga wanda ke bin sabuwar siga ne. Wanda ya tsaya a GP 2016, nasa ƙarin wa'adin Yuli 2026 ne, na GP 2018 kuma Janairu 2028.

Dynamics NAV, tsohon Navision na ƙasar Denmark, sigarsa ta ƙarshe ita ce 2018. Cikakkiyar kulawarta ta ƙare a Janairu 2023, facin tsaro zai kai Janairu 2028. Magajinsa shi ne Business Central.

SAP ya sa ƙarshen 2027 a matsayin ƙarshen kulawar yau da kullum ga babbar manhajarsa ECC 6.0, tare da zaɓin ƙarin wa'adi zuwa ƙarshen 2030 ga wanda zai biya ƙarin kuɗin kulawa. Kafin nan 2025 aka sa, sai aka ɗage a Fabrairu 2020. Wannan ɗagewa ta sa wasu ke zaton kullum za a ɗage. Ni dai ba zan shawarci kowa ya gina kasafin kamfaninsa a kan wannan zato ba, domin ƙaura irin ta SAP aikin shekaru ce ba na watanni ba.

8. Yaya zan gane sigar da nake kai?

A QuickBooks, danna F2 yayin da fayil ɗin kamfani ke buɗe, shafin da zai fito yana nuna shekara, lambar sabuntawa da lambar lasisi. A Sage da yawancin saura, yana ƙarƙashin Help, sannan About. Don sanin sigar Windows, rubuta winver a wurin bincike. Ka ɗauki hoton allon ka ajiye tare da takardar sayen lasisin. Ranar da kwamfutar ta mutu, lambar nan ce za a fara tambayarka.

9. Mene ne alaƙar wannan da haraji? Ai ni nake shigar da adadin da hannuna.

Idan sauyin na adadi ne kawai, gaskiyarka. Da Najeriya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a ranar 1 ga Fabrairu 2020, ko tsohon Peachtree ya iya ɗauka: an buɗe sabon layin haraji, an ci gaba. Matsala tana zuwa ne idan abin da ya sauya tsarin lissafin ne, ko hanyar miƙa shi ga hukuma.

Misalai suna da yawa. Birtaniya ta fara wajabta miƙa bayanan VAT kai tsaye daga cikin manhaja tun Afrilu 2019, don haka sigar da ba ta iya magana da kwamfutar hukuma ta zama ba ta wadatar. Indiya ta kawo sabon harajin ciniki na GST a 1 ga Yuli 2017, kowa ya sabunta. A ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ciki har da Nijar, Kamaru da Chadi, sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ya fara aiki a 1 ga Janairu 2018, ya taɓa jerin asusu da siffar rahoton ƙarshen shekara. A Najeriya, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025 sun sauya matakan harajin albashi daga Janairu 2026, inda naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Hukumar haraji ta tarayya kuma ta fara tsarin takardar ciniki ta lantarki a 2025, ta soma da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama.

Wannan na ƙarshe shi ne, a ganina, zai kori tsofaffin sigogi fiye da duk wani gargaɗin kamfani. Idan doka ta ce takardar cinikinka sai ta bi ta kwamfutar hukuma, manhajar da aka daina gyarawa ba ta da yadda za ta koyi sabuwar hanya. Sai dai a ɗora mata wata manhaja a tsakani, ko a riƙa shigar da kowane ciniki sau biyu.

10. Manhajata tana cikin wa'adinta, amma an ce Windows ɗina ya ƙare. Wanne zan bi?

Wanda ya riga ƙarewa. Manhajar lissafi a kan wasu take zaune: Windows, wani lokaci da SQL Server mai riƙe da bayanan, da Office da ake fitar da rahoto zuwa gare shi. Kowanne da nasa wa'adin. Windows 7 ya ƙare a 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a 10 ga Janairu 2023, Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025. Windows Server 2012 R2 ya ƙare a Oktoba 2023, SQL Server 2014 a Yuli 2024, na 2016 kuma Yuli 2026.

Sarƙar takan ja ta ɓangare biyu. Sabuwar sigar lissafi tana ƙin tsohon Windows. QuickBooks tun daga 2022 sai Windows mai 64-bit. Tsohuwar siga kuma ba a gwada ta a sabon Windows ba, tana iya aiki, tana iya ƙin buga takarda ko ta riƙa rufewa da kanta. Windows 11 shi ma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi. Shi ya sa kuɗin sabunta manhaja yakan jawo kuɗin sabuwar kwamfuta, kuma gara a lissafa su tare tun farko. Microsoft yana sayar wa kamfanoni ƙarin facin tsaro na Windows 10 har shekara uku, dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara. Sayen lokaci ne, ba magani ba.

11. Kwamfutar lissafinmu ba ta kan intanet. Ba mun tsira ba?

Kun rage hatsarin ƙwarai, idan da gaske ne. Amma ku bincika. Sau nawa ake cusa mata filas? Wa ke haɗa ta da wayarsa don ya tura rahoto ga Alhaji? Tana kan layin sadarwa ɗaya da sauran kwamfutocin ofis? Ƙwayar WannaCry mai garkuwa da bayanai, wadda ta durƙusar da asibitoci a Ingila a Mayu 2017, ta cikin gida take yaɗuwa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma ta bi ta kafar da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun Maris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a sigar da aka daina kula da ita babu mai zuwa ya yi yaɓe.

Amma a gaskiya abin da ya fi cin irin wannan kwamfuta ba ɓarawo ba ne, tsufa ne da wutar lantarki. Na taɓa zuwa wani kamfanin sayar da kayan gini inda lissafin shekaru ke cikin kwamfuta ɗaya a lungu. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta. Kwafin bayanai yana nan, an gode Allah, amma faifan girka manhajar ya ɓace, lambar lasisi tana wurin wani da ya bar aiki, kamfanin da ya yi manhajar kuma ba ya sauraron mai wannan siga. Kwafi a hannu, abin buɗe shi babu. Idan kun yanke shawarar zama a tsohuwar siga, ku ajiye abu uku a wuri biyu: kwafin bayanai, fayil ɗin girkawa, da lambar lasisi. Ku kuma gwada dawo da su a wata kwamfuta aƙalla sau ɗaya.

12. Zan iya tsallakewa daga tsohuwar siga zuwa ta bana kai tsaye?

Ya danganta da nisan tsallen. Tazarar shekara biyu ko uku galibi babu wahala. Idan ta yi nisa, sai an bi ta wata siga a tsakiya. Masu NAV sun fi kowa sanin wannan: hanyar zuwa Business Central tana bi ta sigarsa ta 14, wadda ita ce ta ƙarshe mai ɗaukar tsohon yaren rubuta manhaja na C/AL, kuma duk wani gyara na musamman da aka yi wa kamfaninku sai an sake rubuta shi da sabon yaren AL. Yawan kuɗin ƙaura a nan yake, ba a lasisi ba. Wannan ne ainihin tsadar jinkiri: kowace shekara da ta wuce, gadar tana ƙara tsawo, masu sanin tsohuwar hanya kuma suna raguwa.

A kuma sani, ɗaga fayil tafiya ce babu dawowa. Da zarar sabuwar sigar QuickBooks ta buɗe fayil ɗin kamfani ta ɗaga shi, tsohuwar ba za ta sake buɗe shi ba. A yi kwafi kafin a fara, a rubuta masa suna da kwanan wata, a gwada ɗagawar a kan kwafin. Idan kwamfuta biyar ke shiga fayil ɗaya, duka biyar ɗin sai sun koma sabuwar siga rana ɗaya.

13. Na koma ta intanet kawai in huta da maganar wa'adi?

Za ka huta da wani ɓangare. Babu girkawa, babu faci, kowa yana kan siga ɗaya, kuma mai kamfani yana iya duba ciniki daga wayarsa ko yana Makka. Amma ka lissafa abin da ka musanya. Kuɗin haya ba ya ƙarewa, sau da yawa da dala ne, kuma duk wanda ya ga abin da ya sami naira daga 2023 ya san ma'anar wannan. Ranar da intanet ya yanke, ko a rubuta rasit da hannu ko ciniki ya jira. Kamfanin yana iya sauya allo ko ya cire wani abu da ka saba da shi ba tare da ya nemi izininka ba. Kuma wa'adi bai ɓace ba, siffa ya sauya: maimakon a yi wa siga ritaya, sai a janye daga ƙasa baki ɗaya, kamar yadda aka gani a Indiya a tambaya ta 5.

Wanda ke da sito da haja mai yawa, ko masana'anta, ya gwada sosai kafin ya amince. Sigar intanet ba kullum take yin duk abin da ta tebur ke yi ba ko da sunansu ɗaya.

14. Yaushe ya kamata mu ƙaura, kuma ta ina za mu fara?

Farkon shekarar lissafi ya fi kowane lokaci. An rufe littafi, mai bincike ya gama, sai a ɗauki ragowar kowane asusu a buɗe sabuwar manhaja da ita. Daga wannan rana sai a ƙirga baya: ƙaramin kamfani ya ba kansa 'yan watanni, babba kuma shekara ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watan biyan haraji ko lokacin cinikin salla ba lokacin koyon sabon allo ba ne.

Kafin ƙaura a share gida. A daidaita banki, a ƙirga kayan sito da ido, a cire sunayen abokan ciniki da aka rubuta sau biyu, a yanke hukunci kan basukan da kowa ya san ba za a biya ba. Bayan ƙaura a buga rahoto huɗu daga tsohuwa da sabuwa a rana ɗaya: ragowar asusu, jerin waɗanda kuke bi bashi, jerin masu bin ku, da darajar haja. Idan ba su yi daidai ba har kwabo, aiki bai ƙare ba, kuma kada a cika wa mai aikin kuɗinsa. Wata ɗaya na shigar da ciniki a duka biyun yana da gajiya, amma shi ke tona kuskure tun yana ƙarami.

15. Tsofaffin bayanan fa? Dole ne mu kwashe su duka?

Ba dole ba, kuma sau da yawa ba shi da amfani. Ragowar asusu, basukan da ke buɗe da haja su ne dole. Tarihi kuwa ajiye shi ake yi inda za a iya karantawa. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ce a riƙe littattafan lissafi shekara shida, tsarin OHADA kuma shekara goma. Ka kwatanta wannan da wa'adin shekara uku na tambaya ta 4: doka tana neman ka riƙe bayani fiye da yadda manhajar da ta rubuta shi za ta rayu.

Saboda haka kada ajiyarka ta tsaya a fayil ɗin da manhaja ɗaya kaɗai ke buɗewa. A ƙarshen kowace shekara, a fitar da babban littafin lissafi, ragowar asusu, jerin ciniki da saye, rahoton haraji da na albashi zuwa PDF da Excel. Wanda ke barin manhajar haya ya yi wannan kafin ya soke biyan kuɗi, ba bayan ba.

16. Wanda ya girka mana ya ce shi zai ci gaba da kula da mu. Ya isa?

Ya isa ga wasu abubuwa. Zai iya gyara rahoto, ya dawo da kwafi, ya koya wa sabon ma'aikaci, ya lallaɓa na'urar buga takarda. Abin da ba zai iya ba shi ne taɓa cikin manhajar, domin mabuɗin yana hannun kamfanin da ya yi ta. Ba zai yi facin tsaro ba, ba zai farfaɗo da haɗin da kamfani ya rufe daga can ba. A manyan manhajoji akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Rimini Street da ke kula da masu SAP da Oracle, amma su ma tsawaita zama suke yi.

Ka tambaye shi kai tsaye ko lasisin da sunan kamfaninku aka yi rajistarsa. Idan ya fara kame-kame, mai yiwuwa kwafin jabu ne, wanda tun ranar farko ba shi da wani wa'adin kulawa balle ya ƙare. Labari mai daɗi shi ne fayil ɗin bayananku galibi yana buɗewa a siga ta halal, don haka gyara yana yiwuwa.

17. Idan za mu sayi sabuwa, me za mu tambaya don kada mu maimaita wannan?

A nemi ranar ƙarewar wa'adin sigar a rubuce, tare da shafin kamfanin da ya nuna ta. A tambayi abin da zai faru da bayanai ranar da aka daina biya: za a iya karantawa, har tsawon wane lokaci, kuma da wace siffa za a fitar da su. A tambayi wanda ke da alhakin sabunta harajin ƙasarku, kamfanin ne ko dila, kuma ko yana cikin kuɗin shekara. A tambayi ko manhajar tana buɗewa idan babu intanet, da kwana nawa take yi kafin ta nemi tantance lasisi. Rajistar lasisi kuma ta kasance da imel ɗin kamfani, ba na akanta ko na ɗan mai gida ba, a kuma rubuta kalmar sirrin a ajiye inda ake ajiye takardun rajistar kamfani na CAC.